Rautar da Malam Ya Sayo a Jidda

Ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar bazarar bara waccan ba, ranar da na tsaya a lungun bayan wani gida a Shagari, kwamfuta a hannu, gumi na bin gemuna, masu wucewa suna satar kallona suna tunanin ko tsohon nan ya fara taɓuwa. Nasiru, shugaban masu gyara na kamfaninmu, ya daɗe yana cewa in rubuta labarin domin ku da kuka shigo aikin daga baya. To ga shi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne ake kira Baba Injiniya. Na fara aikin waya tun zamanin da ake hawa turke da igiya a ƙugu, a tsohuwar hukumar tarho ta gwamnati. Daga nan aiki ya kai ni Yamai, ya kai ni Kumasi, na yi Khartum, na ƙare a Jidda, inda na fi daɗewa. Ko'ina na je na tsinci harshen wurin gwargwadon abin da zai shigar da ni gidan mutane in fito lafiya: Faransanci da Zabarmanci, Larabcin Sudan da na Hijaz, da ɗan abin da ba a rasa ba na Asante. Da na yi ritaya na dawo Bodinga da niyyar ba ni ba waya, sai gonar albasa. Ana nan sai wannan ƙaramin kamfani namu ya ja faiba ta bakin titin da ya fito daga Sakkwato, ya ratsa garinmu ya nufi Shagari, suka zo har gida suka roƙe ni in zama mai ba su shawara. Ba na hawa turke yanzu, gwiwa ta ƙi. Ƙorafin da ya gagari masu gyara, shi ake miƙo mini.

Bari in yi wa wanda ba ɗan sana'a ba bayani. Faiba zare ne na gilashi, siriri kamar gashin kai, kuma haske ne ke gudu a cikinsa yana ɗauke da saƙo. Zaren yana ƙarewa a wani ɗan farin akwati da muke kafawa a bango, muna ce masa akwatin kamfani. Daga akwatin wata waya take fita ta shiga rauta, wato na'ura mai eriya kamar ƙahonni da ke watsa intanet cikin iska wayoyin hannu su kama. Mukan ba mutum tamu rautar. Amma wani yakan sayo tasa, kuma a nan doka take: idan rauta ba tamu ba ce, alhakinmu ya tsaya a akwati. Dokar tana da dalili. Iri-iren rauta a kasuwa ba su ƙirguwa, ba za mu iya ɗaukar nauyin kowace ba.

Da safiyar Talatar nan Nasiru ya kira ni.

"Baba, akwai wani gida Shagari da yag gagare mu. Mun tahi, mun koma, mun sake komawa. Haske lahiya lau, akwati lahiya lau. Rautar tasu ta, ba tamu ba. Mun ce su bari mu canza musu da tamu, sun ƙiya. Ni ruhe ƙorahin za ni yi."

Na ce, "To mi yah hana ka ruhewa?"

Ya ce, "Ƙanen maigidan yak kira ni jiya. Bai yi hwaɗa ba, Baba. Da ma hwaɗa yay yi, da ya hi min sauƙi."

Na tayar da tsohuwar motata na kama hanya.

Gidan na marigayi Malam Haliru ne, malamin allo da aka sani a unguwar, wanda ya rasu wata biyu ko fiye kafin zuwana. Ginin ƙasa ne irin na da, bango mai kauri, an yi masa rufin kwano daga baya. A zaure na tarar da ƙanensa Malam Sidi, manomin gero da albasa, shi ke zaman ƙofar gidan tun bayan rasuwar. Na yi masa gaisuwa, muka yi wa mamaci addu'a, aka kawo ruwan randa. Sai da na sha sannan ya fara magana.

"Injiniya, ni ban san komi ba ga wanga abu naku. Abin da nis sani shi na, matar yayana tana takaba, ba ta hita, kuma babu abin da ka riƙe ta yanzu sai karatun ga."

Matar ita ce Malama Saratu. Da hantsi matan unguwa suke zuwa ɗakinta da allunansu. Bayan azahar kuma takan buɗe waya ta karantar da na nesa, tana ganinsu suna ganinta. A cikin na nesan akwai wata dattijuwa, Hajiya Kulu, 'yar garin Mandera da ke nan yankin, wadda ɗanta mai fataucin albasa ya ɗauke ta ya kai Kumasi. Ta tsufa ba ta iya karatu ba, a bakin Malama ta fara tun daga babbaƙu, shekara da shekaru, yanzu ga ta a izun ƙarshe. Ɗan ya riga ya tsayar da ranar walimar sauka, Asabar ta sama. Ya gayyaci mutanen zangon Hausawa na Kumasi, 'yan uwa daga Mandera ma sun bi motocin albasa sun kama hanya. Sai ga shi kullum da an fara karatu, hoto ya tsaya, murya ta yanke. A jira ta dawo, a ɗan taɓa, ta sake yankewa. Aya biyu uku ake samu a wuni.

Na tambaya me ya sa ba a sauya lokaci ba. Ya ce surukar Hajiya Kulu ce mai wayar, sai da rana take dawowa daga kasuwa, da la'asar ta koma, da duhu kuwa idon tsohuwar ba ya ganin rubutu. Sabis ɗin wayar hannu ba ya shiga ɗakin Malama saboda kaurin bango. Ɗan ya ce a samo wani malami a Kumasi ya ƙarasa mata.

"Ita ko tsohuwa ta rantse," in ji Malam Sidi, "bakin da yaf fara mata shi ka sauke ta, ko a hwasa walimar. Kullum aka yanke, Malama ta ka shiga ɗaka ta yi shiru. Abinci ma sai an matsa."

Akwatinmu yana nan cikin zaure, saman taga. Ba mamaki. Lokacin da aka zo kafawa, a zaure masu aikinmu suka tsaya, domin nan ne iyakar baƙo namiji a gidan Bahaushe. Daga baya Malam Haliru ya je Umra, ya sayo rauta a Jidda, ya sa mai gyaran lantarki ya ja waya ta bin bango har ɗakin matarsa, don karatunta ya daina wahala. Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe.

Na yi abin da ya kamata a fara yi, ko da na san mutanen Nasiru sun yi. Na zare zaren na auna ƙarfin hasken da ke isowa, ya yi daidai. Na duba ko zaren ya lanƙwashe ko bakinsa ya yi datti, babu. Na haɗa kwamfutata kai tsaye da akwatin, intanet ya zo da gudu. Yaran ba su yi ƙarya ba, ta ɓangarenmu babu aibi. Amma akwatin yana riƙe tarihin abin da ya faru da shi, kuma da na buɗe tarihin sai na ga abu ɗaya yana maimaituwa. Da safe shiru. Da rana ta take, sai mahaɗin da ke zuwa cikin gida ya mutu, ya tashi, ya mutu, ya tashi, har zuwa yamma.

Rautar da ba ta kamfani ba, cututtukanta sanannu ne. Wani ya cusa wayar a ramin da ba nata ba. Wani bai saka suna da lambar sirrin da kamfani ya ba shi ba, ko kuma akwati da rauta kowa yana raba wa wayoyi adireshi suna cin karo. Sai dai duk waɗannan ba su san rana ba, ba su san dare ba. Idan sun kama, sun kama. Wannan kuwa ciwo ne mai duba agogo.

Na tambayi Malam Sidi ko wuta ce ke ɗaukewa. Ya ce gidan da sola yake aiki, da rana ma ta fi ƙarfi, fankar zaure ba ta taɓa tsayawa ba. Na ce to a fito mini da rautar in gani. Ya aika ciki ta bakin wata tsohuwa mai taya Malama zama. Ba a jima ba amsa ta dawo: Malama tana gaishe da baƙo, tana ba shi haƙuri, amma abin da Malam ya shigo da shi ɗakin nan da hannunsa ba zai fita ba.

Ban ce a bar ni in shiga ba. Maigida ya rasu, mace tana takaba, ƙanen mijin ma da kansa ba ya taka ɗakinta. Na san malamai suna da maganganu a kan abin da addini ya hana da abin da al'ada ta ƙara, amma ba fatawa aka kira ni in yi ba.

Abin da na roƙa shi ne lambar sirrin rautar, aka aiko mini. Na ce Malam Sidi ya nuna mini bayan ɗakin ta waje. Shi ne na zaga lungu na tsaya jikin bango, rana tsaka, ina ɗaga kwamfuta sama ina sauke ta, ina neman inda za ta kama. Wani mai amalanke ya wuce, ya waiwayo, ya ce, "Alhaji, lahiya dai?" Na ce lafiya, iska nake nema. Ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya ƙara wa jakinsa sauri.

Da ƙyar ta kama, layin sabis ɗaya tak. Wannan ya ba ni mamaki, domin bango ɗaya ne tsakanina da ita, ko mai kauri ne bai kamata ta yi rauni haka ba. Na shiga shafin saitinta, ya buɗe da Larabci, na ji kamar na gamu da tsohon maƙwabci. Saiti daidai yake, wanda ya sayar wa Malam ya san aikinsa. Sai na duba wurin da take faɗin tsawon lokacin da ta yi a kunne. 'Yan mintoci. Ina tsaye ina kallo shafin ya ɓace. Ta mutu, ta sake tashi.

A Jidda na sha ganin irin wannan. Idan na'urar sanyaya ɗakin injuna ta tsaya, injunan sukan kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone. Zuciyata ta ce zafi ne. Amma cajarta ma idan ta fara lalacewa haka take yi, wayar bango idan ɓera ya taɓa ta haka take yi. Zato ba gyara ba ne. Ido nake bukata a cikin ɗakin, ga shi ba ni da shi. Na yi wa Malam Sidi sallama na ce zan dawo, ban san da me zan dawo ba.

A hanya na yi ta tunanin ƙasashen da na zauna. A Kumasi, da ka shiga babban gida mata ne ke fara tarbarka a tsakar gida, kowace tana gaya maka abin da ya lalata wayar tun ba ka ajiye jaka ba. A Khartum ba ka taɓa komai sai ka sha ruwa ka sha shayi, sannan maigida ya shige gaba yana gyaran murya. A Jidda mai gadi ne ke raka ka, mata su koma wani ɗaki su rufe ƙofa. Kowane gida yana da iyakarsa, kuma kowace iyaka tana da ƙofar da aka tanada. A wannan gida kuwa iyakar kamfani da iyakar zaure sun faɗo a kan bango ɗaya. Yaran sun tsaya a nan da hujja biyu, kowace mai ƙarfi.

Bayan magariba ina cin tuwo na ba matata Hajiya Luba labari. Ita ta bi ni duk ƙasashen nan, ta haifi 'ya'yanmu a garuruwa uku. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Alhaji, harshe nawa kac ce ka iya?"

Na ce, "Ke dai hwaɗi abin da za ki hwaɗi."

"A'a, ina dai mamaki na. Duk cikinsu babu wanda yaw wuce da kai zaure." Ta ɗauke kwanon miya ta matso da shi gabana. "Malama Saratu ai malamar ɗiyar ƙanwata ta. Ni har yau ban tahi nay yi mata gaisuwa ba, abin na damuna. Gobe ka kai ni."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Ƙofar da na wuni ina nema ke nan, kuma tun farko a buɗe take, ba tawa ba ce kawai. Na fara yi mata bayani: ta duba fitilun gaban rautar, ta taɓa cajar, ta ga ramin da waya ta shiga. Ta ɗaga mini hannu.

"Tun Yamai nike share wayoyinka daga tsakar ɗaki. Ci tuwonka."

Washegari Laraba muka isa kafin azahar. Ta ɗauki ƙullin dabino da turmin atamfa na sadaka, ta yi sallama ta shige, ni na zauna a zaure da Malam Sidi. Muka yi hirar albasa. Ya ce bana ya yi asara a rumbu ɗaya, domin yaran da ya sa sun danne ta da buhuna, iska ba ta ratsa ba, ta dafe daga ciki. Muka yi salla muka dawo. Hajiya shiru. Na duba akwati, ciwon ya fara a kan lokacinsa. Na fara jin haushi, ina cewa a raina mata sun samu hira an manta da ni.

Da ta fito, idonta ya yi ja. Ta tsaya daga bakin ƙofar ciki, ta gaida Malam Sidi, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Na gane ta. Tana cikin kabad ɗin jere, bayan gilashi, tsakanin tasoshi da kwalla. An naɗe ta da hiramin Malam, har ƙahonninta. Nis sa hannu, Alhaji, zahi kamar an sauke tukunya."

Duk wanda ya san ɗakin matan ƙasar nan ya san jere. Kwanonin da mace ta zo da su gidan miji, na ƙarfe da na tangaran, a jere a kabad, ba a cin abinci a cikinsu. Wurin daraja ne, abin da ya fi tsada a zuciya shi ake sa wa a can. Ga ƙarfe ya kewaye ta ta ko'ina yana tare abin da take watsawa, shi ya sa na samu layi ɗaya a lungu. Ga ƙyalle ya toshe ramukan da take shaƙar iska, ga gilashi a rufe, ga kwanon rufi yana zuba zafin bazara daga sama. Da safe takan jure. Da rana ta take, ga nauyin hoton bidiyo, sai ta suma.

Malam Sidi ya riƙe baki. "Wato albasata ta."

Na ce, "Ita ta, Malam."

Na juya ga Hajiya na ce ai sai a cire ƙyallen a fito da ita, magana ta ƙare. Ta dube ni irin kallon da na sani tun muna da ƙuruciya.

"Shi yas sa nid daɗe. Hiramin da yar rasu da shi a kahwaɗa na. Rautar ko ita ta abu na ƙarshe da yak kawo mata. Sai da muka yi kuka muka gama sannan tab buɗe min kabad ɗin. Ba ni komawa in ce mata ta yi kuskure. Nemo wata magana."

A sana'ar nan akwai tambayar da ta fi kowace na'urar awo amfani, ita ce: lokacin da abin yake aiki, yaya yake? Na ce, "Koma ki tambaye ta, sa'ad da Malam ke raye, ina rautar take zama?"

Wannan karon ba ta daɗe ba. Ta ce akwai wani ɗan katako saman ƙofar ɗakin, Malam da kansa ya kira kafinta ya kafa shi, shi ya ɗora ta a kai ya miƙe ƙahonninta. A kwanakin zaman makoki ɗaki ya cika da mata, ana ta jan wayoyi ana neman wurin caji, har aka fizgo ta ta faɗo. Malama ta tsorata, ta ɗauke ta, ta naɗe, ta adana. Da ta koma karantarwa sai ciwon ya fara. Mutanen gida kowa ya lura tun rasuwar Malam abin ya lalace, har wasu suna cewa na'urar ma ta san mai ita ya tafi. Babu wanda ya kawo kabad a ransa.

Na ce, "To ki ce mata ina gaisuwa. Ki ce ban zo raba ta da abin Malam ba, kuma babu mai canza ta. Rauta ce mai kyau, ya iya zaɓe. Kuma wurin da ya sa ta, ko ni aka kira nan zan sa ta, sama, a sarari, inda iska ke wucewa. Roƙona ɗaya, a maida ta inda ya ajiye ta da hannunsa."

Abin da ya faru a ciki, Hajiya ce ta ba ni labari daga baya. Malama ta saurari saƙona har ƙarshe. Sannan ta tashi da kanta ta buɗe kabad, ta warware hiramin a hankali. Suka bar rautar ta huce a kan tabarma. Hajiya ta taka kujera, da gwiwar tata da ba ta fi tawa lafiya ba, ta ɗora ta a kan katakon, ta maida kowace waya raminta. Malama ta ninke hiramin ta sa shi a gurbin da rautar ta bari, tsakanin tasoshi, ta rufe gilashi.

Ni a zaure abin da na gani shi ne kwamfutata ta kama rautar daga inda nake zaune, ba sai na zaga lungu ba. Aka sake kiran Kumasi. Malam Sidi ya ce in matso soro na biyu, nan ne ƙarshen inda zai iya kai ni. Daga nan na jiyo muryar wata tsohuwa tana fita daga waya, tana jan karatu a hankali, harshenta na Mandera bai canza ba duk zaman Kumasi. Malama tana gyara mata, tana maimaitawa. Idona yana kan kwamfuta, ina jiran shafin ya ɓace. Bai ɓace ba. Rana ta yi iyakar zafinta, karatu yana tafiya, har ladan ya kira la'asar. Na jiyo tsohuwar tana cewa, "Malama, yau ba a ɗauke ki ba!" Sai dariyar mata ta tashi a ɗakin. Malam Sidi ya juya fuskarsa ga bango, ya ce tun rasuwar bai ji dariya daga ɗakin nan ba.

Muna shirin tafiya sai aka ce in dakata. Malama ta zo bayan ƙyauren soro, ban gan ta ba, muryarta kawai na ji.

"Injiniya, Allah shi saka da alheri, shi jiƙan mahaifa. Kowa yaz zo cewa shikai a canza ta. Kai kaɗai kac ce a maida ta wurinta."

Na ce, "Allah shi gahwarta Malama, yaran ba su yi laihi ba, iyakar abin da sunka gani ke nan. Ni ma ban ga komi ba. Hajiya ta ag gani."

Ta ce, "To Allah shi bar ku tare."

Na amsa da amin.

Aka yi sauka ranar da aka tsayar. Malama ta aiko takanas a kawo mata Hajiya Luba, suka zauna da matan unguwa a ɗakin suna kallon walimar Kumasi ta waya, 'yan Mandera suna ɗaga hannu suna kiran sunayen mutanen gida. Ni na kai ta, na zauna a zaure, aka aiko mini da masa da miya. Tun daga ranar, idan na yi wa Hajiya gardama a gida sai ta ce in tuna wa ya gyara na Shagari.

Da na ba Nasiru rahoto, ban ce a soke dokar akwati ba, har gobe tana da amfani. Abin da na ce shi ne, rabin masu amfani da layinmu suna bayan zaure, mu kuwa duk maza ne. Ya saurara, Allah ya yi masa albarka, ya kai maganar gaba. Yau a cikinku masu karanta wannan akwai mata biyu da suka koyi haɗa zare da saita rauta, kuma ƙorafin da suke rufewa a cikin gidaje, da can sai dai a rubuta an duba babu matsala.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki ba sabo ba ne, amma sai da na tsufa na gan shi a fili. Na'urar awo tana gaya maka gaskiyar inda ka tsaya ne kawai. Idan mai gida ya ce abu ba ya aiki, kai kuma awonka ya ce yana aiki, ku duka biyu kuna da gaskiya, akwai dai wurin da ba ka kai ba. Kada ku tsallake iyakar mutane, kada kuma ku juya daga bakinta ku ce kun gama. Ku tambaya wa ke da izinin wucewa. Kuma idan mutum ya ƙi rabuwa da wata tsohuwar na'ura, kafin ku ce taurin kai ne, ku tambayi wanda ya kawo ta.

Ina godiya ga Allah da ya sa Nasiru bai rufe ƙorafin nan ba, ina godiya ga Malam Sidi da bai yi faɗa ba, da Malama da ta buɗe kabad ɗinta ga baƙuwa. Na gyara injuna a ƙasashe biyar, wasu sun fi ɗakin kwanana girma, kowanne na san shi ciki da waje. Wannan kuwa, da na fi alfahari da ita, har yau ban taɓa sa ta a ido ba. Hajiya ta ce baƙa ce, mai ƙaho huɗu, tana nan saman ƙofa inda Malam ya sa ta. Na yarda da maganarta.